Tabarmar da Na Ɗora wa Jikana

"Kaka, in magani ne kika yi mini, me ya sa kika yi dariya?"

Jikana ne ya yi mini wannan tambaya, kuma har yau ban sami amsarta ba. Da ita na yi jinyar mijina, da ita na yi takabarsa, ga ni na fita takaba tana nan zaune a ƙirjina.

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karanta shi. Ina gaishe ku da aiki, ina gaida iyalanku. Ni tsohuwa ce a Gaya, ban taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, ba ni da karatu sai wanda nake salla da shi. Wata maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan a wayarta, ina faɗi tana bugawa, in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni. Ita ta ce mini a nan mutum na iya faɗin abin da ke cinsa ba tare da an san shi ba. Don Allah kada ku zage ni kafin ku kai ƙarshe. In kun kai, wanda ya ga dama ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa mini da shawara, don lokaci ya kusa ƙure mini.

Zan kira yaron Nasiru, ba sunansa ba ne. Ɗan ɗana na fari ne. Uwarsa ta rasu wajen haihuwa a garin Bana, ita da abin da ta haifa, lokacin yana da shekara goma ko kusa da haka. Ubansa direban kamiyo ne, babbar motar kaya, in ya kama hanya sai ya yi watanni ba a gan shi ba, sai aka kawo mana yaron nan Gaya, ni da Malam, mijina, muka sa shi lakwal ɗin unguwarmu. Yaro ne mai baki, mai son wasa. Kun san yadda kaka ke yi da jikanta. In ya fito da safe sai in ce, "Angona, yau ma ba cefane za ka fita?" Shi kuma ya ce, "Ai na sake ki tun jiya, tsohuwa. Me zan yi da matar da haƙoranta suka ƙare?" Malam ya ce daga kan buzunsa, "Kai, ɓarawon mata, in na kama ka a ƙofar ɗakinta sai na karya maka ƙafa." Gidan da ya yi shekaru shiru ya dawo da rai saboda yaron nan. Ina gaya muku wannan ne don ku san ba ƙinsa nake yi ba. Wallahi ba ni da abin da ya fi shi.

Abu ɗaya ne ya zo da shi: fitsarin kwance. Ubansa ya ce da can ba ya yi, bayan rasuwar uwar ne ya soma. Ba abin da ban gwada ba. Na hana shi kunu da yamma, na karɓo rubutu, na jiƙa sassaƙe, duk a banza. Damina ta shigo, tabarma ba ta bushewa, ɗaki ya ɗau wari, ga baya na ciwo, ga gwiwa. Na ce wa Malam zan yi masa irin na mutanen da. Ya ce, "Ki bar shi, baiwar Allah. Yaron da ya ga an fita da uwarsa a makara, ba ki san abin da yake gani cikin barci ba." Na ce to. Amma to ɗin baki ce.

A ƙauyenmu, can wajen Karakara, in yaro ya girma yana jiƙa shimfiɗa, sai a ɗora masa tabarmar a ka, a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, a tara yara su bi shi da waƙa suna tafi. An ce kunya ce ke tsai da shi. An yi wa ƙanena haka a gabana, ya daina, kowa ya ce magani ya ci. Sai yanzu da na tsufa nake tuna cewa ƙanen nan nawa, tun da ya tasa ya shiga Nijeriya, bai sake kwana a ƙauyenmu ba har ya mutu. Amma ranar ban tuna da wannan ba.

Wata Asabar da safe Malam ya tafi lambunsa na rake a bakin kogi. Na ɗaga tabarma na gan ta sharkaf, raina ya ɓaci. Na leƙa waje na kira yaran unguwa, kuma yaran unguwarmu su ne yaran lakwal ɗinsu, wannan ban yi tunaninsa ba ko kaɗan. Cikinsu akwai Idi, abokinsa na kusa, wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya a gidana. Ni da hannuna na miƙa wa Idi gwangwani na ce ya kaɗa. Ni na koya musu waƙar, don yaran yanzu ba su san ta ba. Na ɗora wa Nasiru tabarmar a ka, ruwan na ɗiga masa a wuya, na ɗaura masa kwaɗon da igiya. Ya ce, "Kaka, don Allah a cikin gida." Na ce, "A cikin gida ka yi, a waje za ka biya." Muka fita da shi, daga ƙofarmu har famfon da mata ke ɗiban ruwa. Bai yi kuka ba. Kwaɗon ya yi tsalle ya taɓa masa cinya, ya zabura, tabarmar ta karkace ta rufe masa fuska, yara suka fashe da dariya, mata suka fashe, ni ma na yi. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ga wani saurayi ya ɗaga waya yana bin mu da ita, ban san abin da hakan ke nufi ba.

Da Malam ya dawo ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Na ce ki bar shi." Ya shiga ɗaki. Ranar bai ci abincina ba.

Ni kuwa me na gani? Na ga tabarma ta soma kwana a bushe. Har yabon kaina na riƙa yi wajen mata, ina cewa maganin tsofaffi ba ya ƙarya.

Ina soya ƙosai a gindin wata bishiya kusa da ƙofar lakwal ɗin, yara na saye in an fito shan iska. Litinin ɗin da ta biyo, suka zo a guje suna cewa, "Kaka, ina Mai Tabarma?" Na ce, "Ku bar mini mijina, marasa kunya," ina dariya, har na ƙara musu gyara. Na ɗauka wasan kwana biyu ne. Mu da muka tashi ana tsokanar juna, Bahaushe da Bazabarme, kaka da jika, taubashi da taubashi, me zai sa in ɗauki wannan da zafi? Ban lura ba cewa a wasanmu kowa na ramawa, kowa na dariya, shi kuwa wannan mutum ɗaya ne a tsakiya, kuma ba ya dariya. Sunan ya bi shi. Yaran da ban taɓa gani ba, na wasu unguwanni, sun san shi, don sun gani a waya. Wata ya wuce, shekara ta juya, suka shiga aji na gaba, sunan na nan.

Yanzu in na zauna ina jera abubuwan da suka wuce ta gaban idona, sai in rasa wace irin makanta ce ta kama ni. Ya daina zuwa wajen kaskona karɓar ƙosai, ya koma tsayawa can jikin katanga shi kaɗai. Na ce girman kai ne. Kowace safiya ciki na masa ciwo, amma ban da Asabar da Lahadi. Na ce lalaci ne. Ya dawo da wando jiƙe ta baya, na ce, "Ka koma yi da rana ke nan?" Ya dawo da aljihun riga a yage, da tabo a leɓe, ya ce faɗuwa ya yi. Idi ya daina shigowa gidanmu. Yaron da ke karanta wa Malam abin da aka rubuta a jikin buhun taki, yana taƙama, ya koma cusa jakarsa ƙarƙashin gado ba ya ko buɗe ta. Ya rame. Leɓensa kullum a bushe, in na miƙa masa moɗa sai ya ce ya sha. Duk wannan a gabana, ina ci ina sha, ina soya wa masu cin zalinsa ƙosai.

Malam ne ya ce, "Yaron nan akwai abin da ke damunsa a lakwal." Na ce, "Namiji ne, ya koyi ramawa. Mu wa ya tsaya mana?" Da aka aiko cewa yana fashin zuwa, na bi sawu na same shi a bakin kogi, zaune bayan masunta suna gyaran koma, ya zuba wa ruwa ido. Na fizgo shi da kunne, na karyo tsumagiya, na zane shi tun daga can har ƙofar ajinsu, a gaban yaran nan dai. Na sake ba su abin kallo da hannuna. Wace irin kaka ce ni?

Cikin bazara, lokacin da zafin Gaya ke hana tsuntsu tashi, aka zo aka ce mini Nasiru ya faɗi a aji. Aka kai shi gidan likita a kan moto, wato babur. Ma'aikaciyar da ta duba shi ta sa masa ruwa a jijiya, ta fito ta ce, "Inna, yaushe rabon yaron nan da shan ruwa yadda ya kamata? Jikinsa a bushe yake, ga ciwo a mafitsara. Riƙe fitsari yake yi?" Na ce ban sani ba. Ita ce ta lallashe shi har ya gaya mata: tun daga waccan Asabar yake gudun ruwa. Kurɓi ɗaya da safe, kurɓi ɗaya da rana, da yamma ba ya taɓawa. Don kada ya jiƙa tabarma, kuma don kada ya nemi izinin fita bayan gida a aji, saboda duk ranar da ya ɗaga hannu sai ajin ya ɗauki waƙar. Wannan shi ne maganin da nake taƙama ya ci.

Da ya samu sauƙi, malamin ajinsu, wanda muke ce wa Mushe kamar kowane malamin lakwal, ya kira ni. Mutum ne mai hankali, sabon zuwa a shekarar. Ya ba ni kujera, Nasiru na tsaye a bakin ƙofa. Ya ce ya bincika, kuma ya ji kunyar kansa da bai gano da wuri ba, don ba a gabansa ake yi ba. Ya ce yaran ajin suna zuba ruwa a bencin Nasiru kafin ya zauna, in ya miƙe su nuna wandonsa. Ba wanda ke yarda ya zauna kusa da shi, in an haɗa su sai a toshe hanci. Sun sha sa masa kwaɗo a jaka. Manyan cikinsu kan tare shi a bayan aji su ce sai sun duba ko a bushe yake. Idi ne ke ba da waƙar, don in bai yi ba shi ma za a haɗa da shi. Mushe ya ce, "Inna, wannan ba wasa ba ne. In abu ya zama kullum, mutane da yawa a kan mutum ɗaya wanda ba ya iya kare kansa, zalunci ne, kuma yana kashe yaro daga ciki tun jikinsa na tafiya." Sannan ya ce, "Abin da nake so in sani, daga ina abin ya samo asali? Yaran sun ce a unguwa aka fara. Wa ya fara?"

Jama'a, ga inda na ƙarasa kashe kaina. Na dubi ƙasa na ce, "Wallahi ban sani ba, Mushe. Yaran zamani ne, ba su da tarbiyya."

Na rantse da Allah a kan ƙarya, yaron na tsaye yana ji. Bai tona ni ba. Muka fito muna tafiya, yana gaba ina baya, sai da muka zo daidai famfon nan ya tsaya, bai juyo ba, ya yi mini tambayar da na buɗe wannan magana da ita. Na ce, "Wuce mu tafi, rana na dukana." Abin da na iya cewa ke nan.

Mushe ya yi iya ƙoƙarinsa, ya hori yaran, ya kira iyayen wasu. Abin ya lafa a cikin aji ya koma hanya. Nasiru bai zauna jarrabawar ƙarshen shekara ba. Cikin haka Malam ya kwanta, ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Yaron nan shi ya yi jinyarsa tare da ni, shi ke juya shi, shi ke kai shi bayan gida. Ina jin su suna magana ƙasa-ƙasa, in na shigo su yi shiru. Malam ne kaɗai ke iya sa shi shan ruwa. Sai ya ce, "Ni ba zan sha ba sai ka sha, ɓarawon mata," su raba moɗa ɗaya. Da aka fita da gawar Malam, na ga yaron tsaye a zaure yana kallon makara, karo na biyu a rayuwarsa, idonsa a bushe.

Tun daga ranar, tsakanina da shi sai "to" da "a'a". Na gwada komai irin namu na tsofaffi. Na ajiye masa tsokar kifi mafi kyau. Na saya masa katifa, na ƙone tsohuwar tabarmar. Na daina soya ƙosai a ƙofar lakwal. Wata safiya na yi ƙarfin hali na ce, "Angona, yau ma ba cefane?" Ya dube ni kamar baƙuwa ya ce, "Sunana Nasiru." Abu ɗaya ne ban yi ba, ban buɗe baki na ce na yi kuskure ba. Sau nawa na je bakin ƙofarsa da niyyar haka, harshena ya yi nauyi? A inda na tashi babba ba ya durƙusa wa jikansa. Ban taɓa gani ba, ban san da wace kalma ake farawa ba.

Yanzu kullum yana bakin kogi, inda ake haye da mutane da kaya zuwa Malanbil, garin da ke tsallaken iyaka, a jiragen ruwa. Yana ɗaukar buhunan da suka fi ƙarfinsa, yana shiga ruwa har ƙirji, cikin ƙartin da ban san tarbiyyarsu ba. Ya ce can ba wanda ya san shi. Wani mai jirgi da ya san Malam ya zo ya same ni ya ce, "Inna, ki sa ido. Yaron nan yana tambayar yadda ake kaiwa Kwatano, da ko ana ɗaukar yara aiki a can."

Ga abin da ya sa na nemo ku. Ubansa ya kira a waya, yana hanya, zai iso kafin a koma lakwal. Bai san komai ba. Abin da ya sani shi ne abin da na gaya masa da bakina, cewa yaron ya lalace, ba ya son karatu. Ya ce, "Inna, ki bar ni da shi. Ni na rasa karatu nake kwana a ƙarƙashin mota, ba zan bari ya bi sawuna ba. Da bulala zan mai da shi ajin nan, in ya so ya mutu a can." Muryar wayar a buɗe take, yaron na tsakar gida yana wanke ƙafa. Da aka kashe ya zo ya tsaya a kaina, ya yi mini magana mafi tsawo tun rasuwar kakansa. Ya ce, "In ya mai da ni can, zan haye. Ba za ku sake ganina ba." Ba da fushi ya faɗa ba. Da ya yi fushi da na sami sauƙi.

Na san ɗana, in ya faɗi abu yana yi. Na san jikana, shi ma jininsa ne. Ni kaɗai ke riƙe da maganar da za ta tsai da bulalar nan, kuma maganar ita ce tonon asirina. In na gaya wa ɗana cewa ni na tara wa marayansa yara, ni na koya musu waƙar, ni na zane shi a gabansu, na kuma yi rantsuwar ƙarya a gaban malaminsa, da wane ido zai dube ni? Amana ya ba ni. Zai ɗauke yaron ya kai wa dangin uwarsa a Bana, in ƙare kwanana ni kaɗai a gidan nan, kuma ba zan ce ya zalunce ni ba. Ko ya tafi gidan su Idi ya tada fitinar da za ta ƙara yaɗa sunan. In kuma na yi shiru, kogi zai cinye mini yaro, ko ta ruwa ko ta hanya. Ko an canza masa lakwal, abin nan na waya ba zai bi shi ba? Yaron da aka yi wa haka yana warkewa? Akwai cikinku wanda aka yi wa irin wannan yana ƙarami, ya gaya mini abin da ya so a ce masa? Wa zan fara fuskanta, uban ko ɗan? In koma wajen Mushe in warware rantsuwata? In kuma yaron ya sake tambayata me ya sa na yi dariya, me zan ce masa, alhali ni kaina ban sani ba?

Ku iyaye masu yara a lakwal, ni ba mai wa'azi ba ce, ba ni da bakin yi. Amma in ɗanku na ciwon ciki ranakun karatu kaɗai, in abokinsa ya daina zuwa, in kun ji ana kiransa da wani suna yana sunkuyar da kai, kada ku ce wasa ne don kowa na dariya. Ku dubi fuskarsa shi.

Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?

Malam ya riga ya gaya mini tasa shawarar, ni ce na kasa. Ranar da zai cika, bayan la'asar, ya aiki yaron ya ɗebo ruwa, ya jira har ya ji fitarsa. Ya kama bakin zanena, na sunkuya don muryarsa ta yi ƙasa. Na ɗauka zai yi mini maganar lambu ne, ko ya ce in yafe masa. Sai ya ce:

"Baiwar Allah, tabarmar nan da kika ɗora wa yaron nan, har yanzu tana kansa. Ni na yi, na kasa. Ke kika ɗora, ke za ki sauke."